Ranar da Inna Ta Shanya Katunana

Jikata ce ta tayar mini da wannan tsohon zance. Ta zo hutu daga jami'a, ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida da kwamfutarta a kan cinya, tana ta tsaki. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce malaminsu ne ya ba su aikin rubuta wa na'ura dabarar jera lambobi daga ƙarami zuwa babba, ta kuma rubuta, amma wai abin yana nawa. Na leƙa. Ta danna maɓalli ɗaya, kafin in dire kofin shayina lambobin sun bi layi sun tsaya cak, kuma wai wannan shi ne nawa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, ita kuwa ta dube ni da tausayi, ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Ban ga laifinta ba. Yaran yanzu sun tarar da tuwo a kwano, ba su san an yi surfe da niƙa ba. Ni kuwa wannan darasi nata na taɓa yin sa da hannuna a tsakar gidanmu, da mata goma da faifai goma.

Ƙauyenmu yana can bayan Basirka, a ƙasar Gwaram. Mu jinin Fulani ne da suka zauna suka rungumi garma, har Fillancin ya guje mana, in ban da Goggo, yayar mahaifina, wadda in ranta ya ɓaci sai ta koma harshen kakanni ta wanke mutum tas, shi kuma yana murmushi don bai ji ko kalma ba. Abin da na fi tunawa da shi shi ne sauti. Tun kafin gari ya waye sosai za ka ji taɓare suna amsa wa juna daga gida zuwa gida, ga ƙarar guga a bakin rijiya, ga shanu suna fita kiwo ana kiran kowace da sunanta. Yanzu in na je, injin niƙa da baburan haya ne ke yi mini maraba. Da kaka, in an gama sussukar wake, mata kan tankaɗe toka mai laushi su cuɗe shi da ita, su shanya a rana, sannan a zuba a tulu a liƙe baki da laka. Da haka wake yake kaiwa wata daminar ƙwari ba su huda shi ba. Yau buhu mai leda ake saye a kasuwa, ko a jefa ƙwayar magani, kuma in ka yi wa budurwa zancen toka sai ta zaci wanke-wanke kake nufi.

Daga firamare aka tura ni makarantar kwana a Birnin Kudu, inda muke hawa duwatsun nan masu zanen mutanen da can, muna cin ɗinya muna gardamar wanda ya zana su. Zuwa hutun damina shi ne tashin hankalina, domin akwai wani rafi a hanyarmu da in ya kawo, to mota sai ta tsaya a gaɓa ta jira ya sauka. Na sha zama a bakin rafin nan da akwatina, ina hangen rimin garinmu, ga gida ga hana shiga. Na taɓa ganin an ɗauko mace mai naƙuda a kan amalanke an iso ruwa ya hana, mazan suna tsaye sun rasa abin yi. Tun daga lokacin na ƙudura a raina cewa duk karatun da ake yi a iya gina gada, shi zan yi.

Allah ya nufa na shiga jami'a a shekarun da man fetur ya buɗe wa ƙasar nan baki. Mu da muka tashi da tuwon dawa da miyar kuka, sai ga mu ana ba mu cinyar kaza ran Lahadi, ana wanke mana zannuwan gado. Amma karatun bai san da kaza ba. Akwai lissafi iri-iri, wanda malami zai cika allo ya goge ya sake cikawa kai kana neman inda ya faro. Akwai zanen injiniya, a sunkuye a kan tebur har bayanka ya ƙage. Akwai tarihi, wanda aka ɗora mana dole muna gunaguni, muna cewa me ya haɗa mai gina gada da daulolin da suka shuɗe. Daga baya shi ne ajin da na fi so, don a can na ji cewa kalmar nan algoridim, wato tsara mafita mataki bayan mataki yadda ko wanda bai fahimci matsalar ba zai bi ya isa, daga sunan wani malamin lissafi Musulmi na can gabas aka samo ta. Da na gaya wa Baba wannan, sai da ya maimaita shi a majalisar ƙofar masallaci, ya ce ashe kayanmu ne Nasara suka ara.

Sai kuma ita uwar gayya, kwamfuta. Guda ɗaya ce tak a duk jami'ar, ta cika ɗaki, ana hura mata sanyi ana tattalinta kamar mai jego, mu kuwa ba ma shiga. Ta taga muke miƙa aikinmu mu koma mu jira. Ba ta jin magana sai ta kati. Kowane layi na umarnin da ka rubuta, sai ka je injin hudawa ka buga shi a kan kati ɗaya mai kauri, injin ya yi masa ƙananan huji-huji. Ita na'urar hujin take karantawa, kati bayan kati, yadda ka jera su. In kati ɗaya ya shiga gaban ɗan'uwansa, aikin duka ya rushe. Injinan hudawar ba su da yawa, ɗalibai kuwa kamar fari, don haka sai ka yi kwanaki kana bin layi kafin ka sami zama na ɗan lokaci. Ƙyallen tawadar da ya kamata ya rubuta ma'anar hujin a saman kati kuma ya daɗe da bushewa, saboda haka huji kawai muke samu.

Malaminmu na wannan fanni wani Ba'indiye ne gajere mai gilashi, muna kiran sa Malam Lamba a bayan idonsa. Dokarsa ɗaya ce: kowane kati sai ka huda masa lambarsa a can gefen dama, na ɗaya, na biyu, na uku, har ƙarshe. In ya ɗaga katinka a hasken taga bai ga lamba ba, ya rage maka maki, ko da aikinka ya fi na kowa kyau. Mun tsani dokar nan, don ƙarin bugu ce ga mai jiran layi. Shi ne kuma ya koya mana dabarun jera lambobi iri daban-daban, muka haddace, muka rubuta a jarrabawa, muka watsar a ƙofar aji.

A shekarar ƙarshe kowa sai ya yi babban aiki guda, kuma ni ban yi dogon tunani ba. Na zaɓi in sa na'ura ta lissafa girman kwalbatin da zai iya ɗauke ruwan rafinmu a tsakiyar damina. Watanni na yi ina hudawa, ina gyarawa, ina cire wannan kati ina sa wancan, har takardun da na fara rubuta aikin a kai suka daina kama da abin da ke cikin akwatin. Katunan sun kusa dubu, kuma su kaɗai ne aikin, ba shi da wani kwafi a ko'ina. An sa ranar miƙawa a makon da za a dawo daga gajeren hutun bazara. Wanda bai miƙa ba zai maimaita shekara, gwamnati kuma ba ta ɗaukar nauyin mai maimaici, wanda ga ɗan manomi irina yana nufin a naɗe tabarma a koma gida hannu rabbana. Ɓeraye sun taɓa yi wa wani abokina kaca-kaca da nasa katunan a ɗakin kwana, don haka da hutu ya zo na rungumi akwatin kwalina na taho da shi gida, na tura shi ƙarƙashin gado.

Ana gobe zan koma, na dawo daga Sundimina inda na je gaida kawuna, an idar da azahar ke nan. Ina yin sallama na sa ƙafa a tsakar gida, sai na tsaya. Tabarmi ne shimfiɗe tun daga ƙofar ɗakin Inna mahaifiyata har gindin rumbu, a kansu katunana ne baje a rana, furu-furu da toka. Inna tana durƙushe da ƙwaryar toka a gefenta tana juya su ɗaya bayan ɗaya, Goggo kuma tana riƙe da kara tana korar kaji.

Goggo ce ta tare ni da fara'ar wanda ya yi abin kirki. Ta ce da safe Inna ta jawo akwatin don ta sa mini ƙuli-ƙuli da dakuwa na guzuri, sai ta ga takardun duk ƙwari sun huda su, babu ko ɗaya da ya tsira. Hankalinta ya tashi, ta ce yaron nan ya sha wahala a banza. Shi ne ta tankaɗe toka ta murje su sarai, ta shanya, don ko ba a ceto waɗanda aka ci ba, a kashe ƙwarin kafin su ƙarasa. Ta so ma ta mayar da su kafin in dawo, kada raina ya ɓaci.

Ni ɗan fari ne, kuma a gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Duk maganar da ke tsakanina da Inna ta bakin Goggo take bi. Saboda haka Goggo na duba, na ce mata cikin murya mafi sanyi da na iya samu, ba ƙwari ba ne, ni na yi hujin da hannuna, hujin shi ne karatun, kuma yadda suke a jere a akwatin shi ne aikin gaba ɗaya. Ban ɗaga murya ba, amma fuskata ta gama faɗin sauran. Inna ta saki katin da ke hannunta. Ta dubi tafukanta masu toka, ta miƙe a hankali ta shige ɗaki ta saki labule. Na ji tausayin kaina, amma wallahi tausayinta ya fi, domin na san irin matan nan, za ta ɗauki abin nan ta kai shi kabari ba ta gaya wa kowa ba.

Na durƙusa na fara neman kati na ɗaya. Na ɗaga wannan a rana, na ajiye, na ɗaga wancan. Da ƙyar na samo na ɗaya, na shiga neman na biyu, gumi yana ɗiga daga haɓata. Ban yi nisa ba na gane cewa in haka zan bi, sai in shafe mako ban gama ba. Ga shi mota ɗaya ce ke tashi daga Gwaram da sassafe, in ta wuce ni ranar miƙawa ta wuce. Ga shi hujin ba ya karantuwa da kyau sai da hasken rana, ita kuwa ranar har ta fara karkata. Na zauna daɓas a kan turmi. A nan ne fuskar Malam Lamba ta faɗo mini, yana tsaye gaban allo yana zana akwatuna goma, yana cewa wannan dabara sai ka yi haƙuri da ita, don ba ta nuna alherinta sai a ƙarshe.

Na miƙe na ce wa Goggo ina son faifai goma da mata goma, yanzu-yanzu. Ba ta tambayi dalili ba, ta leƙa ta katanga ta ƙwala kira. Kafin ka ce kwabo matan baffannina da maƙwabta sun cika gidan, wasu da goyo, wata da ludayi a hannu. Muka tattara katunan wuri ɗaya, suka bi su da gashin kaza suna kakkaɓe tokar daga kowane huji. Sannan na zaunar da su a kewaye da ni, kowace da faifai a gabanta da ɗan dutsen dannewa saboda iska. Na ba kowace lambarta, daga sifiri zuwa tara. Goggo ce ta farko, da na ce mata ita ce sifiri, ta tambayi mene ne shi, na ce babu ke nan. Ta ce lallai yaron nan, duk matan garin nan ita na ga ta dace da babu.

Na yi musu bayani a taƙaice. Kowane kati yana da lamba mai gida uku. A zagayen farko gidan ƙarshe kawai zan duba, in kira lambar, mai ita ta karɓa ta kife shi a kan na baya. Ba a cusa kati a tsakiya, ba a gyara tsibi, ba a juya shi. In katunan sun ƙare, sai a tattara tsibin daga faifan farko zuwa na ƙarshe, kowane a kife a kan wanda ya gabace shi, a juyo su gaba ɗaya, a sake sabon zagaye da gidan tsakiya, sannan gidan farko. Rabon ba shi da wuya. Tattarawar ce abin tsoro, don in hannu ya kuskure sau ɗaya aka ɗora tsibi a inda ba nasa ba, duk wahalar ta tashi a banza.

Na ce wa Goggo, da ƙarfi yadda za a ji a ɗaki, cewa ba wanda zai tattara mini katunan nan sai Inna. Goggo ta shiga, muka ji ƙus-ƙus, ta fito ta ce wai a nemi wata, hannun da ya ɓata abu ba shi ake ba gyara ba. Na ce to in haka ne a watse, na fasa. Da gaske nake, ko da yake ban san abin da zan yi ba in ta ƙi. An ɗan jima labule ya motsa. Inna ta fito ta wanke hannu, ta goge da gefen zaninta, ta zo ta tsaya a bayan Goggo ba ta dubi inda nake ba.

Muka fara. Ina ɗaga kati, in kira lamba, hannu ya miƙo ya karɓe. Da farko ana ta ruɗewa ana dariya, mai bakwai tana karɓar na mai takwas ana ƙwacewa, amma ba a jima ba abin ya kama kiɗa, har wata ta fara amsa lambarta da waƙar daka. Da aka gama, Inna ta bi faifan ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaukar kowane tsibi da hannu biyu kamar mai ɗaukar ƙwai, tana kifewa a cikin akwatin. Muka tsaya muka yi la'asar a gurguje, muka shiga zagaye na biyu. Wani ɗan akuya ya kutso sau biyu yana neman abin taunawa, sau biyu yana shan kara.

Ana gama zagaye na biyu Baba ya shigo, ya tsaya yana kallo da carbi a hannu. Goggo ta ce in karanto musu na saman su ji inda aka kwana. Na karanta: ɗari shida, ɗari biyu, ɗari takwas, sannan ɗari huɗu. Goggo ta tafa hannu ta ce ashe aikin baban giwa muke yi tun azahar, ga su nan a hargitse yadda muka same su. Baba ya ce shi dai a saninsa in za a ƙirga dami daga manyan tsibi ake farawa, ban da boko wa ya taɓa fara abu daga wutsiya? Na ce su ƙara mini haƙuri, saura zagaye ɗaya. Na faɗa da ƙarfin hali ne kawai. Gaskiyar magana ban taɓa ganin dabarar nan ta yi aiki da idona ba, a takardar jarrabawa kaɗai na san ta. Inuwar rumbu ta riga ta rufe rabin tsakar gida. Baba ya dube ni ya ce, "To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku ci gaba." Ya jawo buzunsa ya zauna.

A zagaye na uku ba wanda ya yi waƙa. Na matsa inda sauran hasken yake, idanuna suna yaji. Ina cikin rabawa na lura da abin da ke zuwa faifan Goggo: na ɗaya ya wuce, can sai na biyu, can sai na uku, kowane a bayan ɗan'uwansa. Na ci gaba da kiran lamba. Da kati na ƙarshe ya bar hannuna, Inna ta tattara, ta juyo su, ta turo akwatin gabana da yatsunta. Na fara ɗagawa ina ƙirgawa a fili. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Wajen na goma matan suka kama ƙirgawa tare da ni, wajen na hamsin har Baba ya shiga. Muka haye ɗari, muka haye ɗari biyu, ba ko tuntuɓe. Ban taɓa jin daɗin lissafi irin na yammacin nan ba, kuma har yau ban sake ji ba.

Can cikin ɗari biyar muka yi karo da giɓi, kati ɗaya babu. Aka tashi ana kakkaɓe zannuwa, ana ɗaga tabarmi, har an fara zargin ɗan akuya. Ashe Goggo ce take fifita da shi tun la'asar. Ta miƙo shi ba ko kunya, ta ce ai zafin ne ya yi yawa, kuma da ma ita aka ba babu. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ana kiran magariba na sa kati na ƙarshe a mazauninsa. Rana ta ɗan lanƙwasa wasu, sai Inna ta naɗe akwatin a sabon zaninta, ta sa aka ɗora masa dutsen niƙa ya kwana a kai.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don jera kati daban, na'ura ta karɓe shi daban. Na bi mota zuwa Birnin Kudu, na sake wata zuwa Kano, na kama hanyar makaranta, akwatin yana kan cinyata ban yarda an ɗora shi a saman mota ba. Da na miƙa ta taga, ma'aikacin ya buɗe ya sansana, ya ce wannan ƙaurin murhu fa? Ya ture mini abina, ya ce ba zai sa datti ya shaƙe masa inji ba. Muna cikin haka Malam Lamba ya zo wucewa. Ya tambayi abin da ya faru, na kwashe labari na gaya masa, tun daga toka har faifai. Ya cire gilashinsa ya goge, ya sa na maimaita masa yadda muka tattara tsibin. Sannan ya ce wa ma'aikacin a sa katunan, in inji ya lalace a kansa, ya kuma ce in cire takalmi in shigo.

Ranar ce kaɗai na taɓa shiga ɗakin nan mai sanyi. Aka jera katunan a bakin na'ura, aka danna, ta fara zuƙe su da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Can sai ta tsaya. Ma'aikacin ya zaro wani kati da ya tanƙware a kusurwa, ya harare ni, ya kwafe shi a sabo ya mayar, ta ci gaba har ta lashe akwatin. Aka ɗan yi jim, sai injin bugawa ya fara tofo doguwar takarda. Malam Lamba ya yage ta, ya bi da yatsa daga sama har ƙasa, ni kuwa ina leƙe ta kafaɗarsa. Ga faɗin kwalbatin, ga tsayinsa, ga yawan ruwan da zai ɗauke, babu kuskure ko ɗaya. Ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya ce aikin ya karɓu, kuma in gaya wa matan garinmu shekara da shekaru yana koyar da dabarar nan a allo, sai a gidanmu aka fara yi masa ita da hannu. Na fito ban san na bar takalmina a ƙofa ba sai da ƙasa ta ƙona ni.

A wancan zamani ba waya, saƙon baki kuma sai ya yi mako yana yawo a tasha. Na san akwai wadda take can ba ta san abin da ake ciki ba, kuma ban iya haƙuri har ƙarshen zango ba. Ran Juma'a na sake bin motocin nan a jere, na isa gida da hantsin Asabar. Goggo na fara gani a zaure. Ta zaro ido, ta ɗauka koro ni aka yi. Kafin in buɗe baki ta rage murya ta ce tun ranar da na tafi Inna ba ta cin abin kirki, tuwo sai ta taɓa ta ture, kuma ko wake aka ambata sai ta tashi daga wurin.

Na tarar da ita a gindin rumbu tana tankaɗe, ta ba ƙofa baya. Ta ji sallamata, ta amsa a ciki, ba ta juyo ba, amma rariyar ta tsaya a hannunta. Na durƙusa daga nesa na gaya wa Goggo cewa na'ura ta karɓi katunan, aiki ya fito daidai, malamina ya ce na haye, ya kuma ce a gaida matan gidanmu.

Inna ta gyara riƙon rariyar. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yaya, tambaye shi. Ko ɗaya bai fita daga layi ba?"

Ban jira Goggo ta maimaita ba. Na ce, "Ko ɗaya, Inna. Yadda kika tattara su, haka ta karɓa."

Ta ajiye rariyar a hankali, ta kakkaɓe hannu, ta shige ɗaki ta saki labule. Goggo ta dube ni na dube ta. Sai muka ji guɗa ta tashi daga cikin ɗakin, doguwa, mai kaifi, har kaji suka watse. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga suna tambayar wa ya haihu. Goggo ta share ido da bakin mayafinta, ta ce musu ba kowa, Inna ce take yi wa ɗan farinta.